Magini da Sunan Aro

An yi wasu abokai biyu, Bazazzagi da Bakano, da suka haɗu a tashar mota a Yerwa, kowannensu ya ɗauro niyyar Makka. Bazazzagin magini ne ɗan magini, daga gidan da ke alfahari da cewa kakansu ya miƙa tubali a ginin masallacin Juma'a na Zariya zamanin Babban Gwani. Bakanon kuwa ba shi da wata sana'a sai baki da lissafi, waɗanda a garinsu ba ƙaramar sana'a ba ce. Tun ranar suka soma tsokanar juna yadda Kanawa da Zagezagi suka gada, kuma tsokanar ce ta rage musu nisan hanya.

Suka ƙetare Cadi. A Abashe matar magini, wadda ke tare da su, ta haihu, namiji, aka yi suna da abin da ya samu. Suka shiga Sudan ta Jinena, suka yi ta fama har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Kosti, daga nan Sinnar. Guzuri ya ƙare ƙarƙaf. Aka ce musu kada su damu, duk mai hannu biyu ba ya kwana da yunwa a Jazira. Su yi ɗibar auduga shekara ɗaya ko biyu, su tara na jirgin ruwa, sai Sawakin, sai Jidda. Haka aka gaya wa waɗanda suka riga su, haka su ma suka gaya wa waɗanda suka biyo baya.

Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin koguna biyu, baƙar laka iya ganin ido. Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka yanka shi gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, ruwa na bin magudanai har bakin kunya. Kamfanin Turawa ne ya riƙe aikin har 1950, sannan Hukumar Jazira da ke Barakat, kusa da Wad Madani, ta karɓa. Hausawa da Fulani ba baƙin wurin ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso da jama'arsa, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi 'yan ƙasa da yawa suka watsar da gonakinsu, mutanenmu ne suka karɓa suka noma. Amma abokan nan biyu sun makara. A 1948 an yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Daga nan hawasha ta zama ta masu takarda. Wanda ba shi da ita yana iya yin shuka, ya yi noma, ya ɗebi auduga a auna masa a kwando, a biya shi, ya koma bukkarsa. Sunansa dai ba zai hau kan gona ba.

Suka sauka a wani kambo, wato zangon 'yan ƙwadago, 'yan bukkokin kara a jikin magudanar ruwa, daf da wani ƙauyen Larabawa. Shekara ta zama biyu, biyu ta zama shida. Duk lokacin da kuɗin jirgi ya kusa cika sai wani abu ya taso, ko ciwo, ko haihuwa, ko tsadar dawa. Limamin kambon tsoho ne da ya zo tun yana saurayi, gemunsa ya yi fari a wurin, amma bai taɓa yarda a ɗora masa ɗakin ƙasa ba. Kullum cewarsa baƙo raɓa ne, kuma su masu wucewa ne.

Ana nan sai 1955 ta kama. Ko'ina maganar ɗaya ce, Turawa za su tafi. Ma'aikatan ƙidayar jama'a suka soma yawo da manyan littattafai, kambo ya cika da ji-ta-ji-ta. Wasu suka ce za a ba kowa takardar zama, wasu suka ce rubuta sunayen ake yi don a san waɗanda za a loda a jirgi a mayar yamma. Kowa ya zauna jira, ba wanda ya san abin da yake jira.

A irin wannan lokaci ne dillalai ke ƙiba. Akwai wani da ke zuwa daga Madani ran kasuwa, da jaka a hammata da alƙalami a aljihu. Ya tara mutane a inuwa ya karanta musu dokokinsa, waɗanda ba a rubuce suke a ko'ina ba sai a bakinsa. Wai mai jiran takarda kada ya bari sunansa ya shiga wani littafi. Kada ya karɓi aikin da za a sa hannu a rasit. Kada ya shiga aikin gayya inda ake lissafa waɗanda suka zo, don ko kyauta ka yi aikin, alƙalami bai san kyauta ba, Fallata, wato baƙo daga yamma, zai rubuta ka. Mutum ya lafe, ya yi ɗibar audugarsa, har ya tara abin da zai kawo masa. Shi kuma zai samo dattawa biyu su rantse cewa mahaifin mutum wane ne ɗan wane, wanda ya zo da rundunar Halifa Abdullahi tun kafin Turawa su ci Omdurman. Daga nan sai takarda, sai hawasha.

Bakano bai tsaya shawara ba. Ya kwance kuɗin Makkarsa ya zuba wa dillali. Aka samo masa uba a cikin wani gida na mutanen yammacin Sudan, tsohon ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa uku kuwa ba su ƙi a ƙara musu ɗan'uwa ba tunda da ɗan abin shan shayi. Kafin damina ta ɗauke Bakano ya dawo da sabon suna. Magini ya dube shi ya ce ashe Kanawa har uba suna saye a kasuwa, ya tambaye shi ko an yi masa ragi. Bakano ya yi dariya ya ce a bar shi da ubansa na kasuwa, za a ga wanda zai riga wani ganin Ka'aba.

Da kaka ta yi, sai omda, wato dagacin ƙauyen Larabawan, ya aiko a kira magini. Ƙauyen ya sami taimakon siminti da kwanon rufi don gina makarantar firamare, aji biyu da ofis, kuma an ware kuɗin magini. Sun taɓa ɗora wani ɗaki da kansu, bai shekara biyu ba ya tsage daga sama har ƙasa, don ƙasar Jazira ba ta da amana: da rani ta dare har ƙafar jaki ta shige, da damina ta kumbura ta ture abin da aka ɗora mata. Omda ya ga ɗakin ajiyar da magini ya yi wa wani mai kanti, shekara huɗu ko tsaga babu. Ya zaunar da shi, aka kawo shayi, ya kira shi ya Hajji yadda suke kiran duk mutumin yamma, ya faɗi kuɗin. Magini ya yi lissafi a zuci. Kuɗin, in an haɗa da ɗan abin da ke cikin gwangwanin da ya binne a bukka, za su kai shi da matarsa da yaran har Jidda su dawo.

Sai omda ya rage murya. Ya ce sai dai akwai ɗan abu ɗaya. A bana, yadda ƙasa take, manya ba sa son ganin sunan baƙo a takardar kwangila. Don haka za a rubuta sunan ɗan ƙanensa, shi ne magini a takarda. Ranar biya Hajji zai dangwala yatsa a ƙarƙashin wannan suna, ya karɓi kuɗinsa cif, ba wanda zai rage masa ko sisi. Ya nuna yaron da ake magana, yana can zaune a kan katanga yana ɓare gyaɗa, hannunsa sumul.

Magini ya ce a ba shi kwana uku.

Daren farko ya gaya wa matarsa. Ta ce ita ba ta ga abin tsayawa tunani ba. Shi zai yi aikin, shi zai ci guminsa, ba satar kowa ya yi ba. Suna kuwa, ai ko a gida ana kiran mutum da sunan da ba nasa ba ya amsa. Ta tuna masa cewa uwarta ta rako ta har bakin ƙofar Tukur-Tukur tana kuka, kuma ta yi mata alkawarin ruwan Zamzam.

Rana ta biyu ya je wurin liman. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce shi abin da ya dame shi daban ne: me ya haɗa mai niyyar Makka da jan bulo? Wanda ya soma haƙa harsashi a ƙasar mutane, ko na wani ne, zuciyarsa ta soma zama. Magini ya fito bai ƙaru da komai ba. A hanya ya ci karo da Bakano, wanda ya ce masa wannan ai ba ma abin tambaya ba ne, shi da ya ari uba sukutum ga shi yana barci lafiya, balle mai aron suna na wata uku.

Rana ta uku da sassafe ya tafi filin shi kaɗai. Ya zaga shi, ya tsuguna, ya zura hannu cikin wata tsaga har gwiwar hannu bai taɓo ƙarshenta ba. Ya san abin da wurin ke bukata: a haƙa harsashi ya wuce inda lakar ke motsi, a zuba yashi daga bakin kogi a daɓe, a ɗora jan bulo mai kyau ba irin wanda wuta ta lasa ta bari ba, a ɗaure saman tagogi. Ya kuma san yadda ake yin ɗaya hanyar, wadda ba ta cin lokaci, bango ya tashi kyakkyawa ya yi shekara biyar kafin ya soma magana. Yana tsugune sai ga yaran ƙauyen sun fito da awaki, wasu ba su fi ɗansa ba. Suka tsaya suna kallonsa, ɗaya ya tambaye shi ko a nan ne za a yi musu makarantar. Ya ce a nan ne. Ya daɗe a wurin bayan sun wuce.

Da hantsi ya isa gidan omda. Ya ce ya yarda zai yi ginin, amma ba zai dangwala yatsa a ƙarƙashin sunan kowa ba. Omda ya ce to ai ba ta yadda kuɗin za su fito ke nan. Magini ya ce ya sani, a bar kuɗin. Zai yi aikin kyauta, ƙauye ya kawo masu kwaɓa da masu miƙo bulo. Abin da yake so guda ɗaya ne: in an gama, shugaban makarantar ya rubuta a takarda cewa shi wane ɗan wane, mutumin Zariya, mazaunin kambon nan, shi ya ɗora wannan gini, a buga hatimi. Omda ya zuba masa ido, ya tambaye shi me zai yi da takardar da ba ta sayen ko mudun dawa. Magini ya ce ɗakin da yara za su zauna a ƙarƙashinsa, ya kamata a san wanda za a kama in ya rufto. In aka rubuta sunan yaron can, ranar da bango ya tsage za a je a tambayi wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, shi kuwa yana can wata ƙasa hankali kwance. Ya ce ya san halin kansa, in sunan ba nasa ba ne, hannunsa zai yi sauri.

Omda bai taɓa yin ciniki mai daɗin wannan ba. Ya yi ta sa albarka. Kuɗin kuwa daga baya ya ce an sayi bencina da su. Bencinan da aka gani guda huɗu ne.

Labari ya riga magini isa kambo. Dillali ya ce a gaban jama'a wannan mutum ya yanka kansa da hannunsa, domin daga ranar da aka buga hatimi a kan cewa shi ɗan Zariya ne, ko dattawa goma suka rantse ba mai mayar da shi jikan mutanen Halifa. Bakano ya ce dama ya sha jin labarin wautar Zagezagi, amma bai taɓa ganin wanda ya ƙi kuɗi ya kuma tona wa kansa asiri a rana ɗaya ba. Matar ba ta ce komai ba. Ta kwana biyu ba ta ce komai ba. A rana ta uku ta tone gwangwanin, ta ɗebi kaɗan, ta sayo buhun gyaɗa da kasko. Kullum da asuba tana suya da yashi, ta ɗaura ƙaramar 'yarta a baya, ta bi ƙauyuka da faranti a ka. Da wannan gidan ya ci tuwo har aka gama.

Ya haƙa harsashin har ya kai masa ƙirji. Mutanen ƙauye suka yi ta gunaguni wai rijiya yake haƙa musu ko makaranta. Ya mayar da kurar bulo biyu don ya ƙwanƙwasa ya ji ba su yi ƙara ba. A watan Disamba aka ɗora kwano. Shugaban makarantar, wani saurayi mai kyan rubutu, ya cika alkawari, har ya ƙara da cewa mutumin ya shekara shida a wurin kuma bai karɓi lada ba. Ya sa kwanan wata, ya buga hatimi. Magini ya naɗe takardar ya sa a gafakar Alƙur'aninsa. Bayan 'yan makonni, ranar 1 ga Janairu 1956, aka sauke tutocin Ingila da Masar a Khartum.

Ba a kori kowa ba, ba a kuma ba kowa komai ba. A 1957 aka yi dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta riƙe 1897 ɗin nan, amma ta buɗe wata ƙaramar ƙofa: wanda ya shekara goma a ƙasar yana iya neman a mayar da shi ɗan ƙasa. Da shekarun suka cika magini ya kai takardunsa Madani, aka ce ya dawo. Ya dawo, aka ce ya dawo. Ɗansa na fari ya yi karatun allo a kambo, ya girma yana ɗibar auduga. A zamanin Numeiri aka matso da shekarar zuwa 1924, wadda ba ta amfani magini da komai ba. Ya tsufa yana gina wa mutane ɗakuna, ya rasu yana jira. Makka bai je ba.

Bakano kuwa Allah ya buɗa masa. Ya sami hawasha, ya sa mutanen kambo suna yi masa aiki, ya sayi babbar mota, ya koma cikin ƙauye ya gina gidan bulo, wanda abokinsa ne ya ɗora masa, da lada wannan karon. Ya je Hajji sau uku, biyu a jirgin sama, kuma duk zuwa sai ya kawo wa matar magini Zamzam, don ba marowaci ba ne. Hausa dai ba ya yin ta sai an rufe ƙofa. Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu, duka mata.

Da ya rasu, ranar sadakar bakwai ɗinsa sai ga dattawa uku sun sauka daga mota da rawuna. Suka yi gaisuwa yadda ya kamata, suka yi kukan ɗan'uwansu, sannan suka nemi a yi maganar gado. Alƙali ya buɗe takardu. Matar mamaci tana da tumuni, 'ya'ya mata suna da sulusi biyu, abin da ya rage na 'yan'uwan mamaci ne na wajen uba, ga su kuwa a zaune, sunan uba ɗaya a rubuce. Babbar 'yar ta ruga kambo wurin matar magini, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san shi tun Yerwa, ta ce Inna ta zo ta shaida cewa mahaifinsu Bakano ne, sunan ubansa kaza. Tsohuwar ta ce za ta je, ba ta ƙi ba, amma 'yar nan ta fara tunani: in alƙali ya yarda da ita, to takardar uban ƙarya ce, tasu da ta fito daga cikinta fa? Hawashar fa? Yarinyar ta zauna shiru, ta sha ruwa, ta koma gida. Baffannin suka karɓi rabonsu, har da ƙafa ɗaya ta motar.

A 1994 aka sake dokar jinsiyya. Wannan karon aka ce wanda yake zaune a ƙasar, kuma shi ko iyayensa na wajen uba suna nan tun ranar 1 ga Janairu 1956, ɗan ƙasa ne. Ɗan magini a lokacin furfura ta fara fito masa. Haihuwar Abashe ne, ba shi da takardar haihuwa, kuma da aka ce ya kawo shaidar cewa suna nan kafin wannan rana sai ya rasa ta inda zai kama. Rabin rayuwar uban ɗibar auduga ce da gini, ba a rubuta ko ɗaya ba. Tsararrakinsa da yawa a nan suka maƙale, iyayensu sun bi dokokin dillali sau da ƙafa, sun lafe har ba su bar sawu ba. Uwar ce ta ce a sauko da gafaka.

Takardar ta yi ja, ta karye a wurin naɗi, amma hatimin na nan, kwanan watan na nan. Ma'aikacin ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Ya tambaya ko makarantar tana nan. Aka ce tana nan, an ƙara mata azuzuwa shida, uku daga ciki an rushe an sake, biyun farko dai fenti kawai ake yi musu. Ya nemi shaidu biyu daga ƙauyen, aka samu ba wuya, don rabin dattawan wurin a ɗakunan nan suka koyi alifun. Bai cika wata biyu ba takarda ta fito.

Hawasha kam babu, an daɗe da gama rabo. A kambo ya ci gaba da zama. Amma 'yarsa ta zauna jarrabawar sakandare da sunan kakanta na gaskiya, ƙanenta kuma ya sami lasin tuƙi.

Daren da ya kawo takardar gida mutane suka taru, aka dafa shayi, aka yi ta yi wa magini addu'a, kowa na faɗin hangen nesansa, har da waɗanda suka yi masa dariya a da. Tsohuwar tana gefe a kan tabarma tana saurare. Da aka lafa sai ta ce Allah ya ji ƙan Malam, amma a daina ɗora masa abin da bai yi ba, ba wani nesa da ya hango, taurin kai ne irin na gidansu. Ta ce kuma tana da tambaya. Wata uku cur gyaɗarta ce ta riƙe gidan, ƙafafunta ne suka faffashe a hanyar ƙauyuka, Makkarta ce aka zuba a harsashin nan, to ita wane malamin makaranta ne ya rubuta sunanta?

Ɗan ya sunkuyar da kai yana juya kofin shayi, bai sami abin ce mata ba. Kai mai karatu, in kana da shi, sai ka faɗa.